Tsohon Tankin Lemo Da Ke Aika Wa Waya Rahoto

A Amurka, da kamfanonin lemo suka rage amfani da tankunan ƙarfe na Cornelius masu cin lita 19, sai masu haɗa giya a gida suka mayar da su mazubin tsimi.

Yis yana cin sukari yana fitar da gas, don haka dole a sa bawul ɗin rage matsi. Yawan buɗe tankin kuma yana shigar da iskar da ke lalata haɗin.

Nan iSpindel ta shigo. Na'ura ce da ke shawagi a ciki: sukari na raguwa, karkatarta na sauyawa, guntun ESP8266 na tura alƙaluman zuwa waya ta WiFi. Manhajarta kyauta ce a GitHub. Sai dai ƙarfe na danne sigina, tilas rauta ta kasance kusa.