Tafkin Colchuck: Yini guda a kan duwatsun Amurka

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin labarin tafkunan da ke maƙale a kan duwatsun Cascade na Jihar Washinton, can arewa maso yammacin Amurka, sai da wata tafiyar aiki ta kai ni yankin a watan Satumba na samu damar taka ƙafata zuwa ɗaya daga cikinsu, wato tafkin Colchuck, kusa da garin Leavenworth.

Tafkin yana cikin wani keɓantaccen daji da majalisar dokokin Amurka ta killace a shekarar 1976, wanda ke ɗauke da tafkuna sama da 700. Dokar 1964 da ke kare irin waɗannan dazuzzuka ta hana shiga da mota ko babur, kai ko keke ma ba a yarda ba. Don haka attajiri da talaka duk a ƙasa suke takawa, tafiyar kimanin kilomita 13 zuwa da dawowa, da hawan da ya kai mita 700.

Da asuba muka kama hanya, ni da wani abokin aikina, kowa da gorar ruwa da guzuri da rigar sanyi, domin a ƙa'ida duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Muka bi gefen rafi cikin inuwar dogayen itatuwa, muka tsallake gadar gungume, sannan hanya ta miƙe sama tsakanin manyan duwatsu. A nan ne na san zaman ofis ya ci ni, gwiwa na rawa, numfashi na neman gagara. Sai na lura, muna ƙara hawa itatuwa na ƙara gajarta da tazara, domin dusar ƙanƙara kan rufe wurin fiye da rabin shekara.

Bayan sa'a uku muka isa. Ga ruwa shuɗi mai ratsin kore kwance a tsayin mita 1,700, dutsen Dragontail mai kusan mita 2,700 ya yi masa rumfa. Ƙanƙarar zamanin da ce ta ƙwaƙule wannan kwari, ta bar shi ya cika da ruwa. Sunan kansa a tsohon harshen cinikayya na Chinook yana nufin ruwa mai sanyi, da na tsoma hannu kuwa ban yi musu ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Garin neman wurin ɗaukar hoto na bar turba na taka wasu ƙananan tsirrai. Sai wata dattijuwa ta yi mini magana cikin ladabi, ta ce 'yan makonni kaɗan waɗannan tsirrai ke samu su yi girma a shekara, abin da ƙafata ta murƙushe cikin daƙiƙa zai ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo. Kunya ta rufe ni. Ba ma'aikaciya ba ce, ba kuma gonarta ba ce, amma ta ɗauki wurin tamkar nata.

Mai karatu, matsalar da ke gaban wannan tafki ke nan. Wanda zai kwana a yankin daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Oktoba sai ya samu izini, akasari ta hanyar ƙuri'a, amma mai zuwa ya koma a yini ba a ƙayyade adadinsu ba. Hotunan intanet sun jawo dubban jama'a, ga shara, ga bahaya a bayan duwatsu, har awakin dutse sun saba bin mutane don lasar gishirin da ke cikin fitsarinsu. An hana kunna wuta, an hana zuwa da kare, to amma wace doka ce za ta bi kowane mutum taku bayan taku?

Na sauko kafin faɗuwar rana da ɓawon lemona a aljihu, ina tunanin cewa abin da jama'a suka mallaka tare ba ya tsira da doka kaɗai, sai an samu irin waccan dattijuwa, da kuma mai kunnen jin maganarta.