Uwa Kirista, ki ware wa addu'a lokacinta kafin aiki ya cinye yinin

A Dogo, kudu da birnin Damagaram, aikin uwa yana farawa tun kafin gari ya waye: ɗiban ruwa, surfe, daka, wankan yara, kai fura gona, sannan ɗan abin saidawa da za a samu kuɗin cefane. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa macen Nijar na haihuwar ƴaƴa fiye da bakwai a tsawon rayuwarta, kuma jihar Damagaram na cikin waɗanda suka fi yawan haihuwa. A irin wannan gida uwa Kirista takan ce wa ranta za ta yi addu'a in ta gama aiki. Nan matsalar take, domin aikin gida ba ya ƙarewa. Sai dare ya yi, ta zauna a tabarma da niyyar addu'a, barci ya ɗauke ta da goyo a cinya. Yau da gobe sai ga ɗacin rai, tsawa ga yara kan abin da bai kai ya kawo ba, da zuciyar da ke lissafin bashi ko cikin barci.

Maganin yana cikin abin da matan karkara suka riga suka ƙware a kai, wato adashe. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a jihar Maradi a 1991, sun yi ƙarfi ne saboda ƙa'ida ɗaya: ana cire kuɗin zubi tun farko, a ranar da aka tsayar, ba a jiran abin da ya yi saura bayan kasuwa. Wadda ta ce sai ta samu rara za ta zuba, ba ta taɓa kwasa. Haka lokaci yake. Minti goma da aka ware da asuba, kafin a hura wuta, sun fi awa guda da ake ta alkawartawa ba a cikawa. Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa tun 1932, ya nuna wannan tsari. Markus ya ba da labarin Yesu yana tashi da sauran duhu ya keɓe don addu'a, bayan yinin da jama'a suka cika masa ƙofa. Daniyel kuwa, duk da hidimar fadar sarki, sau uku yake durƙusawa a rana. Ga kuma darasi daga maƙwabta: Musulma tana da lokutan salla biyar da ladan ke tuna mata, ita kuwa Kirista a garin da Kiristoci ba su da yawa ba mai kiranta, sai ta zama ladanin kanta. Kiran asubar da ke tashe ta kullum ya isa ya zama agogonta.

Wata za ta ce addu'a ba ta cika tukunya, ba ta kuma sauke zazzaɓin yaro. Gaskiya ne addu'a ba ta ɗauke wa kowa aiki, kuma duk wanda ya ce miki ki bar yaro mai zafin jiki a ɗaki lokacin damina kina addu'a, ba ki kai shi likita ba, ya cuce ki, ko da fasto ne. Abin da addu'a ke gyarawa ita ce uwar da ke riƙe da tukunyar. Wadda ta fara yini da sauke damuwarta a gaban Ubangiji takan iya bambance abin da ya wajaba yau da wanda zai jira gobe, ta kuma riƙe harshenta sa'ad da ƙaramin yaro ya kifar da ƙwaryar gari. Labarin Marta da Maryamu a cikin Luka bai zargi Marta don ta yi girki ba, abin da aka nuna mata shi ne hidima ta raba mata hankali. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wata kuma za ta ce sujadar Lahadi da taron zumuntar mata sun wadatar. Suna da amfani ƙwarai, amma tarihin wannan yanki ya nuna ba kullum ake samunsu ba. Tun 1924 mishan ɗin SIM ya fara aiki a Damagaram, amma a ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 an ƙona majami'u a birnin, iyalai da dama suka bar gidajensu. A irin wannan rana abin da ya rage wa uwa shi ne addu'ar da ta saba yi a ɗakinta, da wadda ta koya wa ƴaƴanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nauyin bai tsaya kan mata kaɗai ba. Maigida da ke son gida mai kwanciyar hankali ya karɓi yaro na ɗan lokaci, ko ya sa samarin gida ɗiban ruwa, kada ya yi ta yi wa matarsa wa'azin haƙuri yana kishingiɗe. Shugabannin ikilisiya su rage ɗora wa mata masu goyo hidimar girki a kowane taro. Wadda ba ta iya karatu ba kada ta ji kunya, ɗiyarta ƴar lakwal na iya karanta mata Zabura guda, ita ta yi addu'ar da bakinta. Ƴar'uwa, ki zaɓi lokaci ɗaya da wuri ɗaya, ko gindin darbejiya ne ko bakin murhu, ki sanar da mutanen gida cewa wannan lokacin ba na kowa ba ne. In kin fasa yau, ki koma gobe da asuba.