Zama cikin samaniya: ina kuɗi ke tafiya?

Wani lokaci da magariba akan ga wani haske kamar tauraro yana ƙetare sama da sauri. Wannan tashar samaniya ce, kuma akwai mutane a ciki tun shekarar 2000. Nisanta da ƙasa kilomita 400 ne, kusan nisan Yamai zuwa Ƙonni. Cikin minti 90 take kewaya duniya.

Can ciki, ba a jin nauyi. In ka saki cokali, sai ya tsaya yana lilo gabanka. Ruwa ba ya zama cikin ƙwarya, dunƙulewa yake yi. Gishiri ma sai an narka shi, don kada ya watse ya shiga ido. Mai barci yana shiga buhu wanda aka ɗaure ga bango.

Rashin nauyi yana cutar jiki. Ƙashi yana rage ƙarfi, nama yana saki. Shi ya sa suke motsa jiki wajen awa 2 kullum. Abinci daga ƙasa ake kai musu. Ruwa kuwa, har gumi da fitsari ake tacewa a sake sha.

Wa ke biyan wannan duka? Gwamnatocin ƙasashen da suka gina tashar. A Amurka, hukumar da ke aikin sunanta NASA. An kafa ta a 1958. A 1966, lokacin da ake tseren zuwa wata, cikin kowace dala 100 ta gwamnati tana samun fiye da 4. A 1969 mutum ya taka wata. Daga baya sai aka rage. A 2024 an ba ta kusan dalar Amurka miliyar 25, abin da bai kai rabin dala ba cikin 100.

Kuɗin hukuma kamar rumbun mai gida ne: na ci daban, na iri daban. Tashar ita kaɗai tana cin wajen miliyar 3 kowace shekara. Ga kuma shirin Artemis na sake kai mutane wata. Ga taurarin ɗan Adam masu duban girgije da gonaki. Taura biyu ba ta tauno. In an ƙara ma wannan, dole a rage ma wancan.

Zancen nan ya shafe mu. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari. Da hotunan taurarin ɗan Adam take sanin inda ruwa ya sauka da inda ciyawa ta fito. In manyan ƙasashe suka rage kuɗin waɗannan taurari, manomi da makiyayi za su ji a jikinsu.

Ku tattauna da malaminku: da ku ne masu rabo, wane aiki za ku sa gaba?