Sa'ad da Masu Gadin Jiki Suka Far wa Gida

Ɗalibanmu na ajin kimiyya sun san akwai fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. A cikinsu akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T mataimaka. Aikinsu kamar na mai busa ƙaho ne, watau su ke kiran sauran mayaƙa su fito. Su ne cutar ƙanjamau take hallakawa, shi ya sa mai ita yakan rasa kariya.

To, akwai kuma akasin wannan. Wani lokaci sukan busa ƙaho alhali babu abokin gaba, sai mayaƙan su far wa fatar mutum, ko gaɓoɓinsa, ko hanjinsa. A 1986 masana biyu, Mosmann da Coffman, suka raba mataimakan nan gida biyu, Th1 da Th2, aka daɗe ana ɗora wa Th1 laifi. Sai a 2005 aka gane akwai na uku, Th17, masu fitar da sinadarin IL-17 da ke jawo kumburi.

Bari mu ɗauki ciwon fata da ake kira soriyasis. Fatar mai lafiya takan sabunta cikin wajen wata guda, amma a nan cikin 'yan kwanaki take yi, sai ta yi kauri tana ɓamɓarowa. Ba kuturta ba ce, ba kuwa a ɗauka, saboda haka kada ku guji zama benci ɗaya da mai ita.

Magungunan dā sukan raunana rundunar gaba ɗaya. Amma a 2015 Amurka ta amince da allurar secukinumab, wadda ke kama IL-17 ta hana saƙonsa isa. Fatar mutane da yawa ta washe kusan sarai.

Sai dai Th17 ba don ɓarna suke ba. Su ke tsare mu daga fumfunar nan mai sa farin tabo a baki, don haka waɗansu masu shan allurar sukan kamu da ita. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da aka gwada ta kan masu ciwon kumburin hanji na Crohn, ba ta taimaka ba, waɗansu ma ciwon ya ƙaru, gama IL-17 yana taimakon bangon hanji. Ga ta da tsada ƙwarai, in kuwa an daina ta, ciwon fatar yakan komo.