Kwalejin Al'umma a Amurka: Zaman Tare da Labarun Haraba a Makarantar Jeka-ka-dawo

Kwalejin al'umma wata irin makarantar gaba da sakandare ce da ta samo asali a ƙasar Amurka, wadda hukumar jiha ko ta gunduma ke kafawa domin mazauna yankin da ke kewaye da ita, kuma bisa tsari ana kammala karatunta cikin shekara biyu. Wanda ya gama yakan fita da ƙaramin digiri, wato shaidar da ta fi ta sakandare amma ba ta kai digirin farko na jami'a ba, ko kuma da satifiket na wata sana'a kamar jinya, walda, gyaran mota, girki ko aikin kashe gobara. Daga nan hanya takan rabu biyu, wani ya kama aiki kai tsaye, wani kuma ya ɗauki sakamakonsa ya wuce jami'a, a ɗora shi a aji uku ya ƙarasa shekara biyun da suka rage. Abin da ya fi bambanta ta da jami'a shi ne ƙofarta a buɗe take, domin a mafi yawan jihohi duk wanda ya gama sakandare ko ya mallaki shaidar da ta yi daidai da ita ana karɓarsa ba tare da jarrabawar tankaɗe da rairaya ba. Bai kamata mai karatu ya haɗa ta da makarantun sakandaren da jama'ar gari ke ginawa da gudummawarsu a ƙasar Hausa ba, ko da yake sunan ya yi kama, saboda wannan ta manya ce.

Tarihinta ya faro ne a shekarar 1901 a garin Joliet na jihar Illinois, inda shugaban makarantar sakandaren garin, J. Stanley Brown, da shugaban Jami'ar Shikago, William Rainey Harper, suka shirya a riƙa koyar da darussan shekarun farko na jami'a a cikin ginin sakandare, aka kuma fara da ɗalibai shida kacal. A wancan zamani ana kiran irin waɗannan makarantu ƙananan kwalejoji. Sunan kwalejin al'umma ya bazu ne bayan rahoton da kwamitin Shugaba Harry Truman kan ilimi mai zurfi ya fitar a 1947, lokacin da tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka cika azuzuwa albarkacin dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatunsu. A shekarun 1960 aka buɗe sababbi fiye da 400. Jihar Kalifoniya ce ke da tsari mafi girma a yau, mai kwaleji 116 a ƙarƙashin gunduma 73, inda ɗan jihar ke biyan dala 46 kan kowane ma'aunin darasi, kuma da yake ƙaramin digiri yana buƙatar ma'auni 60, kuɗin koyarwar gaba ɗaya bai kai dala 3,000 ba.

Araha da buɗaɗɗiyar ƙofa su ne suka tsara irin mutanen da ake gani a harabar. Mafi yawan waɗannan kwalejoji na jeka-ka-dawo ne, ba su da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma fiye da rabin masu karatu a cikinsu suna ɗaukar darussa kaɗan ne a kowane zango saboda suna aiki ko suna riƙe da iyali. Ajin ƙarfe shida na yamma ya isa misali. A benci ɗaya za a tarar da yarinya 'yar shekara 17 da ba ta ma gama sakandare ba amma an ba ta damar fara darasin kwaleji, kusa da ita wani magidanci da ya taso daga wurin gini bai ko cire takalmin aiki ba, sai tsohon soja, sai wata uwa da ke satar kallon wayarta saboda mai renon ɗanta za ta tashi ƙarfe tara, sai kuma baƙon da ya yi aikin injiniya a ƙasarsa amma ya dawo koyon Turanci daga tushe. Da malami ya ce a tashi, cikin minti goma filin ajiye motoci ya zama wayam. Shi kansa malamin sau da yawa na wucin gadi ne da ake biya bisa yawan darasin da ya koyar, ba shi da ofis na kansa, kuma gobe da safe yana wata kwalejin.

A jami'ar kwana sabo yakan ƙullu da kansa, tunda ɗaki ɗaya ake kwana, layi ɗaya ake bi a karɓi abinci. A makarantar da kowa ke sauri ya kama motar haya ta ƙarshe kuwa, zaman tare sai an gina shi da gangan, in ba haka ba mutum ya shekara biyu bai san sunan wanda ke zama kusa da shi ba. Wannan ne ya sa kwalejojin ke ba da muhimmanci ga wasu wurare da a ido ba su da girma: ɗakin karatu mai kwamfutocin aro, cibiyar tsofaffin sojoji, gidan renon yaran ɗalibai, ƙungiyoyin addini da na 'yan asalin ƙasashe daban-daban, da rumbun abinci, wato ɗakin da ɗalibin da aljihunsa ya bushe zai shiga ya ɗebi shinkafa, taliya da kayan gwangwani kyauta. Akwai ƙungiyar Phi Theta Kappa ta ɗalibai masu hazaƙa da aka kafa a 1918, akwai kuma wasanni, waɗanda ba a raina su ba, domin Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariyar launi a babbar gasar ƙwallon baseball ta Amurka a 1947, a ƙaramar kwalejin Pasadena ya fara yin suna. Sai dai duk waɗannan abubuwa ba su da amfani ga ɗalibin da bai san da su ba, kuma a nan ne maganar labarai ta shigo.

Labarun haraba iri biyu ne, kuma bai dace a gauraya su ba. Na farko shi ne sanarwar hukuma, wadda ofishin hulɗa da jama'a ke aikawa ta imel da saƙon waya: ranar rufe rajista, ranar bikin yaye ɗalibai, tallafin karatun da aka buɗe, ko ginin da aka rufe saboda gyara. Wani ɓangare na wannan ma doka ce ta tilasta shi, domin dokar Clery ta 1990, wadda aka sanya wa sunan wata ɗaliba da aka kashe a ɗakinta a Jami'ar Lehigh a 1986, ta wajabta wa duk makarantar da ke cin gajiyar tallafin ɗalibai na tarayya ta wallafa alƙaluman laifukan da aka aikata a harabarta kowace shekara, ta kuma gargaɗi jama'a cikin lokaci idan akwai barazana. Na biyu shi ne jaridar ɗalibai, wadda ita ce ke tambayar abin da sanarwa ba za ta taɓa faɗa ba, kamar dalilin soke ajin dare na lissafi bayan an riga an yi rajista, ko inda kuɗin lamunin gine-gine da masu zaɓe suka amince da shi ya shiga.

A kwalejoji da yawa, jaridar darasi ce da ake rajista a kanta kamar kowane darasi. Malamin aikin jarida yana zaune a matsayin mai ba da shawara, yana koyar da yadda ake tabbatar da zance daga majiya fiye da ɗaya da yadda ake kauce wa ɓata suna, amma ɗalibai ne editoci, su ke yanke abin da zai fito. Wannan rarrabewa tana da tushe a doka. Bayan wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a 2005, a shari'ar da ta taso daga wata jami'a a Illinois, cewa hukumar makaranta na iya samun hurumin duba jaridar ɗalibai, majalisar Kalifoniya ta yi doka a 2006 da ta hana hukumomin kwalejoji da jami'o'in gwamnati tace jaridar kafin a buga ta, sannan a 2008 ta ƙara wata da ta hana a hukunta malamin da ya ƙi danne rubutun ɗalibansa. Gwamnan da ya sa wa dokokin hannu, Arnold Schwarzenegger, shi ma ya taɓa zama ɗalibi a Kwalejin Santa Monica.

Nauyin wannan ƙaramar jarida ya wuce harabar makaranta, saboda a Kalifoniya mutanen gunduma ne ke zaɓar kwamitin amintattun da ke mulkin kwalejin, kuma dokar Brown ta 1953 ta ce dole irin wannan kwamiti ya yi zamansa a bainar jama'a, ya kuma liƙa jerin batutuwan da zai tattauna tun kafin ranar. A da wakilin jaridar gari ne ke zama a irin wannan taro. Amurka ta yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta tun daga 2005, mafi yawansu ƙanana na garuruwa, don haka a wurare da dama ɗan jaridar da ya rage a zauren shi ne ɗalibi mai littafin rubutu da waya, yana jiran a zo kan batu na ashirin da wani abu da ƙarfe goma na dare, inda aka cusa maganar rage azuzuwa. Aiki ne mai gundura, amma shi ne mafi daraja cikin abin da jaridar ke yi, ya fi hotunan biki da sakamakon wasanni nesa ba kusa ba.

Abin da ya faru da Kwalejin Birnin San Faransisko ya nuna wannan a fili. An kafa ta a 1935, a shekarar ne kuma jaridar ɗalibanta mai suna The Guardsman ta fara fitowa, kuma kafin rikicin da za a ambata tana da ɗalibai fiye da 80,000 a babbar harabarta da rassan da ke unguwanni kamar Mission da unguwar 'yan Sin. A watan Yuli na 2012 hukumar tantance ingancin kwalejojin yankin ta umarce ta da ta kawo hujjar da za ta hana a janye mata shaidar inganci, a watan Yuli na 2013 kuma ta yanke cewa za a janye shaidar a ƙarshen Yulin 2014. Shaidar inganci ita ce amincewar da ke sa jami'o'i su karɓi sakamakon makaranta, gwamnati kuma ta ba ɗalibanta tallafi, saboda haka janye ta tamkar rufe makarantar ne. Ƙorafin hukumar ya fi karkata ga tafiyar da kuɗi da tsarin shugabanci, ba ga ingancin koyarwa ba. An ɗauke iko daga hannun zaɓaɓɓun amintattu aka damƙa wa wani jami'i guda da hukumar jiha ta naɗa, lauyan birnin, Dennis Herrera, ya kai hukumar tantancewar ƙara, kuma a watan Janairu na 2014 alƙali ya dakatar da janye shaidar har sai an kammala shari'a.

A tsawon waɗannan shekaru kwalejin ba ta rufe ko na zango ɗaya ba, shaidarta kuma ba ta taɓa faɗuwa ba, amma jita-jitar cewa ta mutu ta riga gaskiya isa gidaje. Dubban mutane suka ƙi yin rajista don gudun kada su yi karatun da ba za a karɓa ba, kuma da yake a lokacin jiha na ba kwaleji kuɗi ne gwargwadon yawan ɗalibanta, kowane mutum da jita-jita ta kora ya tafi da wani abu daga kasafin makarantar. Hukumar kwalejin ta yi ta nanata cewa a buɗe take kuma shaidarta na nan, sai dai maganar mai kare kansa ba ta cika shiga kunne ba. Ɗaliban da ke aikin jarida su ne suka riƙa bin zaman kotu, tarukan ƙungiyar malamai da zanga-zangar ɗalibai, suna fassara wa takwarorinsu ma'anar kowane mataki da kalmomin da mai aikin dare zai karanta a cikin mota ya gane ko ya yi rajistar zango mai zuwa ko kada ya yi. A watan Janairu na 2017 aka sabunta wa kwalejin shaidarta na shekara bakwai. A ƙarshen 2016 masu zaɓen birnin sun riga sun amince da ƙarin haraji kan cinikin gidaje da filayen da kuɗinsu ya kai dala miliyan 5 zuwa sama, da wannan kuɗi ne aka fara shirin karatu kyauta ga mazauna birnin a zangon kaka na 2017.

Duk da haka jaridar kwalejin al'umma tana da rauni da ba a ɓoye shi. Editan da ya fara gane kan kasafin kuɗi a zango na uku, a na huɗu ya wuce jami'a, wanda ya gaje shi kuma sai ya faro daga farko, alhali jami'an da ake sa wa ido suna nan shekara da shekaru. Idan waɗanda suka yi rajistar darasin jarida ba su kai adadin da ake buƙata ba ana iya soke ajin, jaridar ta mutu ba tare da kowa ya taɓa tace ta ba. Da yawa sun daina bugawa a takarda sun koma intanet, musamman tun annobar korona ta 2020, lamarin da ya rage kuɗin ɗab'i amma ya kawar da tarin jaridun da ke bakin ƙofar kantin abinci, waɗanda mai wucewa ke ɗauka ko bai yi niyya ba. Sannan akwai matsalar harshe, domin dubban masu koyon Turanci a rassan unguwanni, waɗanda soke aji ya fi shafa, su ne mafi ƙarancin iya karanta rahoton da aka rubuta a kansu, kuma labari yakan isa gare su ne ta bakin malamar ajinsu ko ta zauren WhatsApp da 'yan ajin suka buɗe.