Yadda ake koyar da Nijeriya yanki-yanki a jami'a

A sashen labarin ƙasa na jami'o'inmu akwai darasin da ke bin Nijeriya yanki-yanki: su wa ke zaune a ina, me suke nomawa, me ya tara jama'a a nan ya warwatsa su a can. Wahalarsa tun makon farko take farawa, domin ɗalibi da taswirarsa a ka yake shigowa aji, wato jihohi 36 ko shiyyoyin siyasa shida. Waɗannan layuka kuwa gwamnati ce ta ja su. Jihohi 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, ba su kai 36 ba sai 1996, alhali ruwan sama da ƙasar noma suna nan inda suke.

Shi ya sa malami kan sa a ɗora taswira kan taswira. A fara da ta ruwan sama: fiye da milimita 2,000 a shekara a Neja Dalta, ƙasa da 700 a bakin iyakar arewa. Sai ta amfanin gona, daga ƙasar doya zuwa ta dawa, har ta gero. Sai ta yawan jama'a, kuma a nan lissafi ke rikicewa.

Ɗauki kewayen Kano. Damina ba ta kai ta kwarin Binuwai albarka ba, amma ƙauyukan sun fi cunkoso nesa ba kusa ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya daɗe yana nazarin wannan yanki. Gona ba ta hutawa, kowace shekara sai an nome ta. Jakuna su kai itace birni, su dawo da taki a mangala. Gawo da ɗorawa da kuka a bar su tsaye cikin gona. Ga tsohuwar kasuwa, ga jirgin ƙasa da ya iso a 1911 ya buɗe cinikin gyaɗa. A tsakiyar ƙasa kuwa ƙudan tsando da hare-haren kamun bayi na cikin abubuwan da suka rage jama'a. Ɗalibin da ya haddace alƙaluman ruwan sama kaɗai, a tambayar abin da ya tara jama'a a kewayen Kano zai faɗi.

Babban cikas shi ne ƙidaya. Ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya, duk abin da ya biyo baya ƙiyasi ne. A ganina wannan ma dalili ne na fitar da ɗalibai daga aji. A kai su kasuwar hatsi ta Dawanau, su tambayi dillalai daga ina buhunan suka zo, ina kuma za su, sannan su dawo su zana da hannunsu iyakar yankin da kasuwar ke ci.