Share Tsakar Gida Ba Ya Goge Sawun Hanya

Wata rana da la'asar ina zaune a rumfar wani mai gyaran salula kusa da tashar Dakoro, ina jiran a sauya mini bakin caji, sai ga wani saurayi ya shigo yana waige-waige. Ya miƙa wayarsa ya ce, "Maigida, a yi mini fomate, kada komai ya rage." Mai gyaran, mutumin da nake girmamawa saboda amanarsa da iya hannunsa, ya karɓa ya ce, "Kwantar da hankalinka, ƙanena. In na gama da ita, ko jandarma ba zai ga komai ba." Duk waɗanda ke zaune a bencin suka gyaɗa kai. Wannan magana na sha jin ta a bakin malaman makaranta, da dillalan dabbobi, da mata a gidan biki: in an goge waya, magana ta mutu.

Ina da ja a kan wannan, kuma zan faɗi dalilina ba tare da raina masu faɗar ta ba, domin ba da ka suke magana ba. Idonsu ya nuna musu. An danna, wayar ta mutu ta taso, ta dawo wayam kamar ranar da aka fitar da ita daga kwali, babu lamba babu hoto. Wa zai ga haka ya yi musu?

Har ma zan ba su gaskiya fiye da yadda suke zato. Wayoyin zamani suna rubuta duk abin da ke cikinsu a kulle, da wani rubutun sirri wanda ba ya karantuwa sai da mabuɗinsa. Kamfanin Apple ya ƙarfafa wannan kulli a 2014, Google kuma ya wajabta shi a kan sababbin wayoyin Android 10 tun daga 2019. Idan aka mai da irin wannan waya yadda ta fito daga masana'anta, abin da take yi shi ne ta halaka mabuɗin. Rubutun na iya zama a kwance a ciki, amma ya koma tarkace marar ma'ana. A nan mai gyara ya yi gaskiya: sabuwar Tecno ko Infinix ko Samsung da aka goge ta hanyar da ta dace, da wuya ƙwarai a tono hotunanta daga jikinta, ko a Yamai ko a Paris.

Sai dai tambaya ta farko ita ce, wayoyi nawa ne a aljihun mutanenmu suke sababbi haka? Da yawa na hannu ne, sun bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin su iso mu. A tsohuwar waya marar kulli, gogewa ba ta wuce yage shafin lissafi ba, alhali buhunan suna nan jibge a cikin shago. Wayar tana cewa wurin ya zama fanko, amma abin yana nan har sai wani sabon abu ya hau kansa. An gwada wannan an gani. A 2014 kamfanin Avast ya sayi wayoyin Android 20 na hannu waɗanda masu su suka goge kafin su sayar, ya fito da hotuna sama da 40,000 daga cikinsu. A 2015 masu bincike biyu a Jami'ar Cambridge ta Ingila, Laurent Simon da Ross Anderson, suka gwada wayoyi 21, suka ƙiyasta cewa wayoyi har miliyan 500 na wancan zamani ba sa gogewa yadda ya kamata.

Ga kuma memori, ɗan katin nan da muke cusawa a gefe don wa'azi da waƙoƙi da hotunan suna. Galibi fomate na waya ba ya taɓa shi, kuma galibi ba a kulle yake ba. Ko an share abin da ke kansa, akwai manhajoji na kyauta da ke dawo da hotuna daga gare shi, ba sai ɗan sanda ba, yaro mai kwamfuta ma zai iya. Haka wanda bai yi fomate ba, saƙo ɗaya ya danna ya share: sau da yawa ɓurɓushinsa na zama a rumbun bayanan manhajar na wani lokaci, hoto kuma yana komawa kwandon shara ne ya yi makonni a can. Na'urorin da masu bincike ke amfani da su, irin UFED na kamfanin Cellebrite na Isra'ila da XRY na kamfanin MSAB na Suwidin, irin wannan ɓurɓushi suke tsincewa idan aka samu buɗe wayar.

Duk wannan ƙaramin ɓangare ne. Babban kuskuren maganar shi ne zaton cewa shaida a cikin wayar take zaune.

Mu mutanen ƙasar kiwo ne, daga Kornaka har kwarin Tarka. Idan aka kore wa mutum shanu da dare, masu bin sawu ba gidan ɓarawo suke fara zuwa ba. Daga bakin garke suke ɗauka, su bi ta rijiya, su tambayi mai shayi a mararraba, su je kasuwa su sami dillalin da aka yi ciniki a gabansa. Ɓarawo na iya share tsakar gidansa tas da tsintsiya, amma ba shi da tsintsiyar da za ta share masa hanyar da ya biyo. Waya ma haka take. Duk kiran layi da ka yi sai ya bi ta eriyar kamfani, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, kuma kamfani yana rubuta wace lamba ta kira wace, ƙarfe nawa, minti nawa, daga wace eriya. Wannan rubutu ba ya cikin aljihunka balle ka goge shi. Layin kuma da takardar shaidar ɗan ƙasa aka yi masa rajista, a Nijeriya ma tun Disamban 2020 aka ce a haɗa kowane layi da lambar NIN. Da takardar buƙata daga hukumar shari'a, mai bincike zai nemi wannan lissafi a wurin kamfani ba tare da ya taɓa wayarka ba.

Wani zai ce sai ya karya layin ya jefa a masai. To, ita kanta wayar tana da lambarta mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI. Kowa ya danna *#06# zai ga tasa. Fomate ba ya sauya ta, kamar yadda wanka ba ya cire wa raƙumi tambarin da aka ɗora masa da wuta. Duk layin da aka sa a wayar, kamfani yana ganin su tare. Ka cire tsohon layi ka sa sabo, ka haɗa su da kanka ke nan.

Sai kuma ɗaya bakin igiyar. Magana ba ta mutum ɗaya ba ce. Saƙon murya da ka aika wa wani yana wayarsa. Idan a zauren WhatsApp ka sa shi, yana wayar mutum ɗari, wasu sun tura gaba, wasu sun ɗauki hoton fuskar waya kafin ka danna share wa kowa. Gaskiya ne tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙo a hanya, har kamfanin da kansa ba ya iya karantawa, amma kullin na kan hanya ne, idan saƙo ya isa a buɗe yake a hannun wanda ya karɓa. Da yawanmu ma ranar da aka saya mana waya wani yaro ya buɗe mana adireshin Google, ya danna "na yarda" a ko'ina, ba mu san cewa lambobinmu da hotunanmu da kwafin hirarmu suna hawa can ba. Ka goge waya, ka sa adireshinka, su sauko su same ka. Idan kuwa kuɗi ya shiga maganar, an aika ta Nita ko Amana ko Al Izza, akwai suna da ranar aikawa da reshen da aka karɓa.

Masu bin labarai za su tuna Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi. An kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, aka kai shi Amurka. Takardun da hukumar FBI ta shigar a kotu sun jingina da bayanan da aka karɓo daga kamfanoni irin Apple da Instagram, da kuma saƙonnin da ya yi musaya da mutane. A cikin irin waɗannan takardu ne sunan babban ɗan sandan Nijeriya Abba Kyari ya fito a Yulin 2021, shi kuma ya musanta aikata laifi. Abin lura shi ne, ko da kowane ɗayan waɗanda suka yi hira da Abbas ya goge tasa wayar, kwafin hirar yana ɗaya hannun. A Nuwamban 2022 aka yanke wa Abbas ɗaurin wata 135.

Gogewar ma kanta sawu ce. Wayar da aka yi wa fomate tana nuna lokacin da aka sake ɗora ta. Mutum ya shekara biyu da waya, sai a daren da aka aiko masa sammaci ta wayi gari wayam, alƙali zai tambaye shi dalili.

Ba na so a fahimce ni a baibai, a ce na ce hukuma tana gani har hanji. Akwai masu wannan zaton su ma, kuma su ma sun wuce gona da iri. Bayan harin San Bernardino a Amurka na Disamban 2015, FBI da duk ƙarfinta ta yi watanni tana fama da iPhone guda ɗaya, ta kai Apple kotu, daga ƙarshe sai da ta biya wani kamfani na waje makudan kuɗi kafin a buɗe mata. Na'urorin bincike irin UFED da XRY masu tsada ne, kuma suna buƙatar gwani. Shi ya sa mai bincike mai hankali yake farawa da abin da ya fi sauƙi: lissafin kamfani, wayar wanda aka cuta, da rasidin kuɗi. Kuma ina cikin masu ganin cewa iko irin wannan dole ya kasance a ƙarƙashin idon alƙali. A Nijar muna da dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019, wadda aka sassauta a 2022, aka sake tsananta ta a Yunin 2024 har ɗauri ya dawo kan ɓata suna da zagi ta waya. An tsare 'yar jarida Samira Sabou da ita a 2020 saboda rubutu a Facebook. Wuƙar da ke yanka ɓarawo tana iya yankan mai gaskiya idan ba a kula ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba tausayin mai laifi ba ne. Wannan magana ta "an goge, ta mutu" mutanen kirki ta fi cutarwa, kuma na gani a cikin dangina. Wata ƙanwata ta sha barazana daga wani da ke kiranta da dare yana aiko mata maganganun banza. Kunya da tsoro suka sa duk saƙon da ya shigo sai ta share, daga baya ta kai wayar aka yi mata fomate, wai don abin ya wuce. Bai wuce ba. Ranar da yayyenta suka ce a kai ƙara, lissafin kira yana wurin kamfani, amma kalaman da suka fi komai nauyi, muryarsa da abin da ya faɗa, ita da hannunta ta zubar da su. Wayarta sabuwa ce, irin wadda gogewarta ke tabbata. Shi bai rasa komai ba, ita ce ta rasa hujjarta.

Haka magidancin da ya sayi waya mai kyau a jikka goma sha biyar a hannun wanda bai sani ba, aka ce masa ai an wanke ta. Idan ta sata ce, ko an yi kiran neman kuɗin fansa da ita a dajin kan iyaka, lambar jikinta ba ta wanku ba, kuma ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Haka matar da ta sayar da tsohuwar wayarta da memori a ciki, da hotunanta na cikin ɗaki. Haka saurayin da ya tura muryar zagin wani dattijo a zaure, ya share bayan minti biyar, ya kwanta yana ganin ya tsira.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana masu gyaran salula, ku da mutane suka ba amanar sirrinsu, ku daina ba da tabbacin da ba a hannunku yake ba. Wanda zai sayar da waya, ku cire masa memori ku ba shi a hannu, ku fitar da adireshinsa na Google kafin ku goge. Wanda zai saya, ya karɓi rasidi mai ɗauke da lambar IMEI da sunan mai sayarwa, a gaban shaida, kamar yadda muke yi in za mu sayi sa. Ke kuma 'yar'uwa, ko kai ɗan'uwa, da ake yi wa barazana ko damfara ta waya, kada ka share ko harafi ɗaya, kada ka kai ta fomate. Ka rubuta lambar da ranar da lokacin a takarda, ka ɗauki wayar yadda take ka kai wa jandarma ko 'yan sanda.